Ragowar Kwanon Baffa

A ƙarshen shekarun tamanin ina zaune a unguwar Lewisham da ke London, a wani ɗan ƙaramin ɗaki na saman bene a gidan yayana. Ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Yana aiki a wani ofishi a tsakiyar gari, ya fita da sassafe, sai bayan magariba a gan shi. Ni kuma ina karatun digiri na biyu a kan ƙananan halittun da ido ba ya gani, musamman waɗanda ke zaune a hanjin mutum. A ɗakin nawa akwai gado da tebur da hitar ɗumama ɗaki, sai taga mai kallon layin dogo. In ba da dalili mai ƙarfi ba, ba na saukowa ƙasa.

Matar yayana ce ke riƙe da gidan. Anti nake ce mata. Da yake ƙanin miji abokin wasa ne, tun ranar da ta gane abin da muke aunawa a ɗakin gwaji ta raɗa mini suna Likitan Bayan Gida. In na shigo kicin sai ta ce, "Tsaya nan. Ka wanke hannu sau nawa?" Ban taɓa iya ramawa ba. Amsar takan zo mini bayan na hau bene na rufe ƙofa.

Da sanyi ya fara shigowa aka kawo Baffa, mahaifin yayana. Yanar ido ce ta rufe masa ido biyu, har ya zama ba ya gane mutum sai da murya. Manomi ne a wani gari gabas da Kano, ya haura shekara saba'in, kuma ban da idon ba a san shi da wata cuta ba. An sa ranar aiki, sai tari ya kama shi a makon farko. Asibiti suka ɗage aikin zuwa bayan mako biyar, suka ba shi ƙwayoyin kashe cuta ya sha har suka ƙare.

Wannan ne karo na farko da Baffa ya kwana a ƙarƙashin rufin surukarsa, kuma Anti ta ɗauki abin da muhimmanci. Da safe shayi mai kauri da farin burodi da ƙwai da soyayyiyar hanta. Da rana farar shinkafa da kaza. Da yamma shinkafa ko taliya da naman rago, wanda take hawa bas ta sayo wurin wani mahauci Musulmi da ta yarda da yankansa. Tsakanin abinci da abinci ga dambun nama, ga biskit. Ganye bai shiga kwanon ba, sai ɗan latas na ado a gefe, wanda ba wanda ke taɓawa. A gida nama na baƙo ne da ranar salla, kuma duk wanda ya bugo waya daga Kano, bayan ya tambayi jiki sai ya tambayi me ake ba shi.

Ba ta zama a gabansa. Takan kawo tire bakin ƙofar falo, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa fuskarsa na wani gefe, ta tashi. Shekara goma sha biyu da aurenta, ban ji maganarsu ta taɓa wuce gaisuwa ba.

Ni nake shigar da tiren, ni nake zama da shi da yamma. In ya gama sai ya turo mini kwanon da bayan hannu ya ce, "Ungo, ƙarasa." Ragowar babba ba a mayar da ita, haka aka rene mu, albarka ce. Ga shi kuma ni ɗalibi ne da ya wuni a kan burodi da cuku. Sai in cinye tas in kai kwanuka kicin. A makon farko yakan rage kaɗan. A na biyu ya rage rabi. Kafin na uku ya ƙare, tsoka ɗaya yake ɗauka, ya ɗan taɓa shinkafa, ya turo sauran. Anti ta buɗe kwano ta gan shi a suɗe ta ce, "Ka gani? Baba yana son girkina." Washegari sai ta ƙara nama.

A lokacin aikina a makaranta shi ne renon waɗannan halittu a cikin kwalabe marasa iska, domin yawancinsu iska kashe su take yi. Na san, a takarda, cewa babban hanjin mutum cike yake da su, iri-iri, ba su ƙirguwa. Na san abincinsu shi ne abin da cikinmu ya kasa narkarwa, wato zaren ganye da dusar hatsi da ɓawon wake da na 'ya'yan itace. In sun samu sai su sarrafa shi, su fitar da wani tsami da ke ciyar da bangon hanji, bayan gida ya yi laushi ya yi yawa. In ba su samu ba sai su ragu. Na kuma san ƙwayoyin kashe cuta ba sa tantance mai kyau da mugu. Duk wannan na rubuta shi da jan biro da shuɗi a littafina. Ban taɓa haɗa shi da tiren da nake ɗauka kullum ba.

Abin da na fara lura da shi shi ne salla. Tun zuwansa Baffa ke jan mu magariba da lisha a falo. Wata rana ya ce wa yayana ya shiga gaba, wai muryarsa ta dushe. Daga nan bai sake ja ba. Sai kuma na ga yana sake alwala sau biyu, sau uku kafin salla ɗaya. Yana daɗewa a ban ɗaki, ya fito yana dafa bango. Na lura da duk wannan ban ce komai ba.

A bas ya faɗa mini, muna dawowa daga sallar Juma'a. Mun zauna a ƙasa, shi a wajen taga duk da ba abin da yake gani sai haske.

"Kai ɗan nan, karatun cikin mutum aka ce kana yi?"

"Wani ɓangare nasa, Baffa."

"To yau kwanana shida ban kewaya ba."

Ya ci gaba a hankali, kamar mai ba da labarin wani.

"Cikin nan kamar an ɗaura mini ganga. Iska kuwa, alwala ba ta tsaya mini. Ni da tun ina yaro asuba ba ta wuce ni. Ka gaya wa yayanka ya yankar mini tikitin komawa gida."

"Idon fa, Baffa? Saura mako biyu da 'yan kwanaki."

"Na ga abin da na gani a duniya. Gara in zauna a zaurena da duhun ido da in mutu a ƙasar mutane ciki a ɗaure." Ya ɗan juyo. "Kuma kada ka kuskura 'yar mutane ta ji. Yarinya tana iya ƙoƙarinta."

Na roƙe shi ya ba ni mako ɗaya kafin a yi maganar tikiti. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da muka isa gida na ɗauko takarda na tambaye shi abin da yake ci a gida, tun daga asuba. Ya yi mamakin tambayar amma ya faɗa. Koko ko kunun tsamiya. Tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi. Kwaɗon zogale, kwaɗon rama. Fura da nono da rana. Dafaffen wake, rogo, dankali. In yana gona, duk abin da ya nuna a bishiya: ɗinya, kanya, magarya, goruba, gwaiba, mangwaro a lokacinsa. Nama sai ranar kasuwa. Na ƙirga tsirrai sun haura ashirin. A ɗaya gefen takardar na rubuta abin da yake ci yanzu, na samu biyu, alkamar da aka cire wa dusa da shinkafar da aka goge.

Ranar Asabar na shiga kasuwar Lewisham da jakar littattafaina. Na sayi kwalin dusar alkama, irin wadda Turawa suke ta yayin ci da madara a shekarun nan. Na sayi wasu busassun 'ya'yan itace baƙaƙe masu kama da ɗinya, da gwangwanin wake biyu, da tuffa. Na shigo da su a ɓoye, na ɗumama waken a lokacin da Anti ta fita kai yara karatun allo.

Baffa ya damƙi abin da ke kwalin ya murza ya shinshina.

"Wannan ai dusa ce."

"Ita ce, Baffa."

"A kwali suke sayar da ita? To awakinsu me suke ci?"

Ya ci dai, saboda na ce magani ne. Ya ci waken, ya ci baƙaƙen 'ya'yan, ya ci tuffa biyu, duk a wuni ɗaya. Ranar Lahadi ya wuni kwance yana nishi, cikin ya ƙara kumbura. Na san dalili, yana cikin littafina da jan biro: halittun da suka daɗe da yunwa in aka jibga musu abinci lokaci guda iska suke yi. Na kuma manta da ruwa. Baffa ya rage shan ruwa tun zuwansa, na famfo ya yi masa sanyi, kuma ba ya son yawan hawa bene zuwa ban ɗaki.

"Karatun naka saura shekara nawa?" ya tambaye ni daga kwance.

"Ɗaya."

"Su ƙara maka biyu."

Ranar Litinin na kai shi wurin likitan unguwa, na ce wa Anti duba tarin za a yi. Ni ne tafinta. Likitan ya danna cikin ta ko'ina, ya yi tambayoyi, ya ce bai ga abin tsoro ba. Ya rubuta wani maganin ruwa mai zaƙi. Sannan ya tambayi abin da yake ci.

"Ka ce masa ba abin da na rasa," in ji Baffa. "Ka ce masa surukata ba ta da laifi."

Na miƙa wa likitan takardata na fassara masa gefe biyun. Ya ce maganin zai buɗe cikin a yanzu, amma in abinci bai canja ba abin zai dawo, kuma bayan aikin ido ba a son mutum ya riƙa yunƙuri. Na mayar wa Baffa da maganar yadda take.

"Ka ji ko? To tikiti."

A wurinsa maganar ta ƙare. Canja abinci yana nufin a gaya wa matar ɗansa cewa girkinta bai karɓe shi ba, a kuma gaya mata ta wace hanya. Maganin ya yi aiki ranar Talata, amma bai canja ra'ayi ba. Ya ce ranar Asabar, in yayana yana gida, shi da kansa zai yi masa magana.

Na yi tunanin gaya wa yayana. Na san halinsa. Daga falo zai ɗaga murya ya kira ta, ya faɗi komai a tsaye, Baffa yana ji. Saboda haka na zauna na rubuta abin da zan ce wa Anti, na yage, na sake, har sau uku. Ranar Laraba ban je laburare ba. Bayan azahar, Baffa yana barci, na sauko na same ta tana yanka kaza.

"Likita, lafiya da rana tsaka? Ko kayan aunawa ne suka ƙare maka?"

Duk abin da na rubuta ya gudu. Na ce, "Anti, naman da kike sa wa Baffa, ni nake cinyewa."

Ta yi dariya. "Ai na ga kumatu. Na ce ko cukun Turawa ne." Ta ci gaba da yanka, sai kuma ta tsaya. "Tun yaushe?"

"Tun mako na biyu."

"Duka?"

"Kusan duka."

"Shi me yake ci?"

"Shinkafa kaɗan. Burodi da shayi."

Ta ajiye wuƙar. "Kana ganina ina hawa bas cikin sanyin nan ina ɗauko nama kamar mai shirin suna. Kana kawo mini kwano a suɗe, kana cewa Baffa ya ce an gode. Bakinka ciwo yake yi?"

"Shi yake turo mini."

"Ai dole ya turo maka, ya ga rami."

Na ce mata ba shi da lafiya, a ciki ne, ya kai mako biyu yana fama, kuma yana so ya koma gida kafin a yi aikin. Ban ambaci kalmar ba. Ta gane. Ta juya mini baya ta buɗe famfo ta daɗe tana wanke hannu.

"Ba ka gaya mini wannan ba," ta ce. "Ni ban ji ba."

"To."

"Me yake so?"

Na ba ta takardar. Ta riƙe ta da yatsu biyu don hannunta da danshi, tana karantawa a fili. "Kuka. Rama. Zogale. Wake. Kai, a ce mahaifin mijina ya tako har Ingila na tare shi da kwaɗon rama? Gobe gwaggonninku su bugo waya a ce musu me? A ce matar London ta sa tsoho kiwo?"

"Halittun da ke hanjinsa da wannan suka saba, shekara saba'in..."

"Kada ka kawo mini maganar ƙwarinka a kicin."

Sai ta jawo kujera ta hau, ta laluba bayan kabad ɗin sama, ta sauko da manyan gwangwanayen madara guda biyu. Ɗaya cike da garin kuka, ɗayan busasshiyar kuɓewa da daddawa a ƙulle cikin leda. Mahaifiyarta ce ke aiko mata. Ta ce ita da yara suke sha in maigidan ya yi tafiya, kuma tun zuwan Baffa ba ta buɗe ba don kada warin daddawa ya kai falo a ce ba a girmama baƙo ba.

"A hankali za a fara," na ce. "In aka yi da yawa lokaci ɗaya..."

"Kai za ka koya mini ciyar da tsoho? Ni na yi jinyar kakata." Ta rufe gwangwanin. "Nama ba zan cire ba, tsoka biyu zan sa. Kai kuma daga yau kwanonka daban. Abin da ya rage a dawo mini da shi in gani da idona."

Da yammar nan tuwon masara ne da miyar kuka, ba garin dawa a kusa. Na ajiye tiren na buɗe. Baffa ya sunkuya ya shaƙi tururin. Ya ɗago ya juyo da fararen idanunsa wajen da nake, ya daɗe.

"Kai ka faɗa."

"Cewa na yi ina sha'awar kuka."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, ba ka iya ta ba."

Ya wanke hannu ya ci. Ya lalubo kwanon da ke gabana ya ji akwai tuwo a ciki, bai tambaya ba. Da ya ƙoshi ya rufe nasa da kansa.

Daga nan Anti ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ta samo garin gero a shagon Indiyawa ta yi fura, ta dama da yogot mara sukari a madadin nono. Alayyahu da ɗanyar kuɓewa da kabewa akwai su a kasuwa. Wake ta jiƙa shi tun safe ta zubar da ruwan kafin ta dafa. Bayan la'asar ta aiko da lemo a ɓare ko gwanda a yanke. Ta ajiye masa fulas na ruwan ɗumi kusa da sallayarsa. Ni kuma nakan riƙe hannunsa mu zaga wani fili da ke bayan layinmu sau biyu bayan azahar, yana sanye da kwat ɗin yayana a kan babbar riga. Duk yamma takan buɗe kwanon da ya dawo ta duba abin da ya ci da abin da ya bari, ta gyara na gobe. Ita da shi ba wanda ya ce wa wani uffan a kan maganar. Gaisuwarsu tana nan yadda take.

Ba a dare ɗaya abin ya daidaita ba. Kwanakin farko iskar ba ta ragu ba, kuma sai da ya ƙara shan maganin likita sau biyu. Ba zan iya cewa ga abin da ya faru a hanjin nasa ba, domin ban auna ba. Ina da kwalaben da suka dace a makaranta, amma ko da wasa ban yi tunanin roƙonsa samfur ba.

Asabar ta zo, yayana yana gida. Na zauna a falo da littafi a buɗe ba na karantawa. Suka yi hirar gona da ta wani ɗan'uwa da zai aurar da 'yarsa. Da aka kawo abinci yayana ya ce, "A'a, yau kuka muka samu?" Ya nemi ƙari. Baffa bai yi maganar tikiti ba. Asabar ta gaba ma haka.

Anti ta daina yi mini wasa. Takan miƙo mini kwanona ta ce "ga shi", in ce na gode. Ya ɗauki makonni kafin ta huce.

Ranar aikin yayana yana da taron da ba zai iya bari ba sai da rana, don haka ni na raka Baffa asibiti da safe. Aka sa masa rigarsu mai ɗauri a baya, na riƙe masa hula da carbi. Wata nas ta zo da takarda a kan allo tana yin tambayoyin da suke yi wa kowa, ina fassarawa. Ko ya ci wani abu tun jiya. Ko yana da haƙoran roba. Ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. Sai ta tambayi yaushe rabonsa da bayan gida.

Na rage murya na mayar masa da tambayar.

"Yau da asuba," in ji Baffa. "Jiya ma haka. Ka gaya mata ta rubuta."

Ta rubuta. Wasu maza biyu suka zo suka tura gadon zuwa ɗakin aiki, ni kuma na koma kan benci a baranda na zauna jira.